Yadda Bido Ya Shiga Aikin Gwamnati da Sunansa

In ka sauka a tashar Maigatari ka ce kana neman Abdurra'uf Sha'aibu, za a yi ta kallonka kamar ka tambayi hanyar teku. Wani zai ce ko malamin asibitin nan ne da aka yi wa canji, wani ya ce ai wannan ya rasu tun bara. Amma ka ce Bido, ko akuyar tasha sai ta ɗaga kai ta nuna maka gindin dalbejiyar da yake faci.

Ni Ɗantala na raɗa masa sunan, kuma ko kaza ban yanka ba. Ina da iko. Uwarsa, Gwaggo Kyauta, ƙanwar babana ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato taubashina ne, bawana ne tun yana ciki. Ya girme ni, ya fi ni tsawo, ya fi ni karatu, tunda ni a ƙaramar sakandare na lura malamai sun fara maimaita abin da na riga na sani, na bar musu makarantarsu na kama dillancin awaki. Duk wannan bai hana ni tsokanarsa ba, shi kuma al'ada ta hana shi fushi.

Bido dogo ne siriri, in ya tsaya kusa da turken lantarki sai tsuntsaye su rasa wanda za su sauka a kai. Ba ya dariya sai ranar Sallah, ita ma rabi. Sannan Allah ya yi shi da wata cuta tun yana yaro: da ya fara ƙarya sai shaƙuwa ta kama shi. Gwaggo ba ta taɓa wahalar binciken wanda ya taɓa tukunya ba. Tambaya kawai take yi ta kasa kunne.

Da irin wannan cuta ya kamata mutum ya san sana'ar da zai shiga. Shi bai sani ba. Lokacin da gemunsa ya fara tsirowa, samarin unguwarmu da yawa sun kama kai fetur tsallaken iyaka a kan babur ta hanyar daji, shi ma ya bi. Abin da mutanen Kano ke kira jarka, mu nan da muke shaƙar iska ɗaya da Damagaram bido muke ce masa. Yakan ɗaure wa babur bido kan bido har a daina ganin mutum, sai dai ka hango tulin robobi rawaya yana gudu cikin yashi shi kaɗai.

Wata Alhamis da hantsi tayar gaba ta nutse masa a rairayi, masu sintiri suka same shi zaune a tsakiyar kayansa yana karkaɗe wando.

Babbansu ya ce, "Samari, mene ne a ciki?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe. Na masallaci." Sai hik.

"Ruwa? To sha mu gani."

"Azumi nake." Hik, hik.

Mutumin nan dattijo ne mai sanyin rai. Ya ce Allah ya karɓa, su ma ba sauri suke ba, za su zauna a sha ruwa tare. Suka sami inuwa suka zauna, shi yana ta shaƙuwa kamar injin niƙa ya sha ƙasa. Kafin la'asar ya ce, "Ranka ya daɗe, fetur ne. Kuma na sha koko da safe."

Ya yi 'yan kwanaki a tsare, babur ya tafi har abada, alƙali ya ci shi tara ya ja masa kunne, babana ya tsaya masa. Ranar da ya dawo gida, jama'a sun cika zaure suna jaje, na shiga na durƙusa a gabansa na ce, "Barka da shan ruwa, Alhaji Bido." Kafin magariba sunan ya isa kasuwar dabbobi.

Wadda ta fi kowa cin moriyar sunan ita ce Gwaggo. Ɗan farinta ne, bakinta bai taɓa furta Abdurra'uf ba don alkunya. Shekara da shekaru tana fama da “kai yaron nan” da “ina wannan yake”, sai ga suna ya faɗo mata daga sama. Ta fi kowa zagina a kan sunan, ta fi kowa kiransa. Matarsa Muhsina, 'yar garin Sule Tankarkar, ita ma ba ta faɗin sunan miji, Baban Tayyiba take cewa. In ka lissafa da kyau, tun daga limamin da ya yi huɗubar suna ba a sake samun wanda ya kira shi Abdurra'uf a garin nan ba.

Tun daga ranar da aka kama shi Bido bai ƙara taɓa fetur ba sai wanda yake zuba wa injin iskarsa. Ya koyi faci ya zauna gindin dalbejiya. Irin mai facin nan ne da in ya ciro ƙusa daga tayarka sai ya miƙa maka abarka, wai taka ce. In tayarka tana da sauran rai ba zai ce ta mutu ba, ko da yana da sabuwa a rataye tana jiran mai saye. Da yamma yana hawa mota zuwa Gumel ajin manya, a haka ya lallaɓa ya gama sakandare yana da 'ya. Abin da ya kasa lallaɓawa shi ne bayansa. Tayar babbar mota ba ta san tausayi ba. A 'yan shekarun nan in ya sunkuya, miƙewarsa sai an yi addu'a, likita kuma ya gaya masa ƙiri-ƙiri ya nemi aikin tsaye tun kafin a fara ɗaukarsa a amalanke.

Sai ga sanarwa gwamnati za ta ɗauki masu tsaron sababbin rumbunan taki da iri a yankinmu, ɗaya ma a nan Maigatari, tafiyar ƙafa daga gidan Gwaggo. Aikin tsaye, ga kaki, ga albashi, ga fansho. Bido ya nema. Aka gwada su gudu, ƙafafun nan nasa suka yi masa rana. Aka gwada rubutu ya ci. Saura abu ɗaya, tantancewa. Aka ce hukumar tsaro za ta turo mutum ya zo har inda kake, ya tambayi mutane halinka, sannan ya zaunar da kai ya tambaye ka abin da ka taɓa aikatawa. Wanda ba su yarda da shi ba ko ƙofar rumbun ba zai gani ba.

Gwaggo ta aika a kira Baba Cindo. Maƙwabcinmu ne, tsohon masinja, ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, saboda haka a ganinsa shi ne ya riƙe gwamnati har ta girma. In zai yi magana sai ya ce “mu a gwamnati”. Ya zo bayan azahar ya zauna a zaure, ya sa aka kawo masa goro, ya saurari damuwar.

Ya ce, "Kyauta, ki kwantar da hankalinki. Mu a gwamnati, abin da ba a gaya mana ba bai faru ba. Waɗanda suka kama shi sun yi ritaya. Alƙalin ya riga mu gidan gaskiya. Takardun kuwa na san irin ɗakin da ake zuba su, gara ta gama da su tuni. Shaida ɗaya ta rage."

Gwaggo ta ce, "Wace?"

Ya nuna Bido da goron hannunsa. "Sunan nan. Shi za a kashe."

Bido ya ce, "Baba, da an bar ni na faɗa musu kawai."

"Ka faɗa musu me? Kaya za a ba ka tsaro a bakin iyaka, ka ce da su ka taɓa tsallaka da kaya? Kai dai ka yi shiru manya suna gyara maka rayuwa."

Washegari Gwaggo ta ɗauki mayafi ta shiga gari gida-gida. Ta je wurin mai shayi, ta je wurin 'yan kamasho, ta je har majalisar dattawan ƙofar masallaci ta tsaya daga nesa ta isar da saƙo: daga yau babu Bido. Matsalar, ita kanta ba ta iya faɗin sunan da za a koma kira, sai ta ce, "Ku kira shi da wancan ɗin, na yanka." Mutane su ce wanne? Ta ce ku tambayi uwarku.

Garin ya shiga wani hali. Mai shayi zai buɗe baki ya ce, "Bi..." sai ya haɗiye sauran da tururi, ya ce, "Malam mai iska, a sa madara?" Wani direban Gumel ya zo da taya a kafaɗa yana tambayar Bido, aka ce masa ba a taɓa yin mai wannan suna a ƙasar nan ba, ya juya ya kai wa wani. A gida Gwaggo ta koma “kai wannan”, in ta faɗa duk mazan gidan su waiwayo har da rago. Ni aka fi ja wa kunne. Ta ce in ta sake jin kalmar a bakina za ta kai ƙarata wurin yayanta. Na yi biyayya, na koma gaishe shi da “Marigayi Bido”, tunda ai an ce an kashe.

Da Baba Cindo ya ga sunan ya fi ƙarfin kisa, sai ya sauya dabara. Ya ce a bar shi da rai, a sauya masa uba. In mai tantancewa ya tambaya, a ce kakarsa ce ta sa masa, don sunan mijinta Abdu ne ba ta iya faɗa, sai ta lanƙwasa shi ya koma Bido. Wa zai musa? Kowane gida akwai irin wannan suna. Baƙo kuma ina ya san yaren bakin iyaka?

Dabara ta yi kyau, saura mai faɗa. Aka fara gwaji kullum bayan la'asar. Baba Cindo ya sa tabarau mai ido ɗaya ya hau kujera ya zama gwamnati.

"Me ya sa ake ce maka Bido?"

"Kakata ce ta..." Hik.

"An taɓa kama ka?"

Wannan karon shaƙuwar har kajin gidan sai da suka watse.

Aka ba shi ruwa ya sha a sunkuye. Aka ba shi sukari. Muhsina ta jiƙa kanwa. Ni na ba da shawarar a ɗaure masa wuya da tsohuwar roba, ba a karɓa ba. Kullum ana yi, kullum shaƙuwar tana raguwa kaɗan, kamar ciwon da ya ji magani. Rannan Baba Cindo ya jefa tambaya, Bido ya buɗe baki labarin kaka ya fito sumul daga farko har ƙarshe, har da ƙarin cewa tana ba shi ƙuli-ƙuli in ta kira shi. Ko tari babu. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, Baba Cindo ya cire tabarau ya ce yanzu yaro ya isa shiga gwamnati.

Shi kaɗai ne bai yi murna ba. Da safe na same shi a gindin dalbejiya ya tsoma taya cikin ruwa yana neman inda take yoyo, kumfa na ta fita a gabansa bai gani ba.

Na ce, "Marigayi, ga hujin can yana yi maka sallama."

Ya ce, "Ɗantala, ka ji yadda ta fita jiya?"

"Na ji. Ka kusa kama ƙafata."

"Ni duk zatona halitta ce ta hana ni. Ashe koyo ake yi." Ya juya tayar. "Tsohuwar nan ita ta goya ni. Tana kabarinta na ɗora mata maganar da ba ta yi ba, har da ƙuli-ƙuli."

Na ce ai kakata ce ni ma, na yafe masa a madadinta. Ya ci gaba da juya tayarsa cikin ruwa.

Mai tantancewa ta zo ranar wata Litinin. Kowa yana jiran ƙato mai baƙin tabarau, sai ga mace cikin atamfa da mayafi, da 'yar jaka a hannu, Hausarta ta mutanen Zazzau. Sunanta Hajiya Naja'atu. Ta sauka a tasha ta tambayi Abdurra'uf Sha'aibu, a nan aikin Gwaggo ya nuna kansa. Rabin mutane ba su san mai sunan ba. Rabin da suka gane kuma suna tsoron su buɗe baki ɗaya sunan ya kuɓuce, sai suka yi ta nuna mata gabas da yamma. Baiwar Allah ta zaga garin har takalminta ya canza launi, ta wuce ta gaban dalbejiyar ba sau ɗaya ba. A ƙarshe ta faɗa hannun wata tsohuwa mai fura wadda kunnenta ya yi nauyi, saƙon Gwaggo bai taɓa shiga ba.

Tsohuwar ta ce, "Mai faci? Dogo? Ke dai ki ce Bido. Ga shi can."

Haka ta iso da sunan a bakinta. Kafin ta gama gaisawa labari ya kai gida. Sai ga Baba Cindo cikin babbar rigar da ya yi ritaya da ita, sai ga Gwaggo da ƙwaryar fura. Ni dama ina wurin, don tun da aka fara maganar nan na mayar da gindin dalbejiya ofishina.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai fa, wane ne kai a wurinsa?"

Na ce, "Ubangidansa ne. Taubashi."

Ta ce, "To kai ba zan tambaye ka komai ba. Ina da irinku a gida. Duk abin da ka faɗa sai na tankaɗe shi, kuma ban zo da rariya ba."

Ta roƙi mu ba su wuri. Muka matsa bayan tulin tsofaffin tayoyi, inda ba ta ganinmu sosai amma ko numfashinta muna ji. Ta zauna a benci, shi ya zauna a kan wata taya, gwiwoyinsa sun kusa kai masa kunne. Ta tambayi shekarunsa, iyalinsa, wanda ya koya masa faci, ko yana shan wani abu. Yana amsawa tiryan-tiryan. Can ta ɗago kai.

"Wannan Bido ɗin fa? Ban taɓa jin irinsa ba. Fulatanci ne?"

Baba Cindo ya damƙe min hannu. Ga ƙofa ta buɗe da kanta, ko turawa ba sai an yi ba. Abin da ya rage wa Bido shi ne ya ce e kawai, a wuce wurin.

Bido ya ce, "Kakata ce..."

Baba Cindo ya fara gyaɗa kai kamar mai jin karatun ɗalibinsa. Shaƙuwa ba ta zo ba. Na kasa kunne sosai, ba ta zo ba. Shi ne da kansa ya tsaya.

Ya ce, "Kakata ce ta goya ni, Hajiya, amma ba ruwanta da sunan nan. Bido jarka ce a bakin mutanen nan. Da ina saurayi na yi fasa-ƙwaurin fetur. An kama ni da su, an tsare ni, alƙali ya ci ni tara. Shi ne wancan mara kunyar da ke bayan taya ya sa min."

Ludayi ya faɗi daga hannun Gwaggo. Baba Cindo ya kama tari, irin tarin da ake yi wa mutum ya dawo hanya, har ya zame masa na gaske sai da na bubbuga masa baya.

Hajiya ba ta nuna komai a fuska ba. Ta ce ya ba ta labarin daga farko. Ya ba ta duka, har ruwan masallaci da azumin, bai rage wa kansa ko ɗaya ba. A wurin azumin na ga ta ja mayafi ta rufe baki.

Ta ce, "Sau ɗaya ka yi?"

"Sau ɗaya aka kama ni. Yi kam na daɗe ina yi."

Baba Cindo ya raɗa min, "Wannan ko tambayarsa ba a yi ba."

Ta ce, "Waɗanda kuka yi tare, kuna hulɗa?"

"Garinmu ɗaya. Wasu sun bari, wasu ban sani ba, ba na tambaya. In tayarsu ta fashe ni nake yi musu faci."

"To a ce an ba ka tsaron rumbu, ɗaya daga cikinsu ya zo ya ce ka kau da kai ya ɗauki buhu kaɗan. Abokin ƙuruciya."

Bido ya gyara zama a kan tayar. Ya ce, "Zan ji kunyarsa, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Wasu sun je gaishe ni lokacin da nake tsare. Amma ba zan buɗe ba. Sai dai in mun haɗu a masallaci in rasa inda zan sa idona."

Ta yi rubutu mai tsawo. Sannan ta ce, "Ka san ban zo da labarin nan ba? Da ka ce min Fulatanci ne, da na wuce."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"In na shiga da ƙarya, duk ranar da wani ya tsaya a bakin ƙofa ya kira ni Bido sai gabana ya faɗi. Garin nan kuwa ba su iya wani sunan ba. An gwada."

Ta rufe jakarta ta ce ba ita ke yankewa ba. Za ta kai laifin yadda yake, ta kai yadda aka yi ta ji shi, can sama za su auna. Ba ta yi masa alkawarin komai ba. Da ta miƙe, Gwaggo ta fito daga bayan taya ta miƙa mata ƙwarya, ko fura za ta gyara abin da baki ya ɓata.

Hajiya ta ce, "Na gode, Inna. Azumi nake." Ta dubi Bido ta gefen ido. "Na gaske."

Bayan tafiyarta gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Baba Cindo ya ce a duk zamansa a gwamnati bai taɓa ganin mutum ya kai ƙarar kansa ba tare da an aiko masa sammaci ba, ya naɗe rigarsa ya tafi. Gwaggo ta daina kiran ɗanta da kowane suna, in za ta ba shi tuwo sai ta tura kwanon da ƙafa. Muhsina ce kawai ta ce ita dai ta huta da jiƙa kanwa.

Aka yi ta jira. Aka kira waɗansu samarin da suka nema tare, suka fara yawo cikin kaki suna taka ƙasa da ƙarfi a gaban 'yan mata. Aka cika rumbun Maigatari da masu tsaro, babu shi. Ya ci gaba da sunkuyawa a kan tayoyi, in zai miƙe sai ya dafa dalbejiya. A kwanakin nan ni ma na rage tsokana, ba don tausayi ba, don dai ba daɗi ka tsokani mutumin da ba ya ramawa ko da harara.

Sai bayan an fara girbin gero aka kira shi Gumel. Na raka shi don in ga yadda ake korar mutum a hukumance. Aka bar ni a waje kan benci, ya shiga ya daɗe, ya fito yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa ƙwai a ka.

Sun ɗauke shi. Amma ba Maigatari ba. Wani babba a ciki ya gaya masa cewa an yi gardama a kansa sosai, wasu sun ce a ajiye shi. Abin da ya cece shi, laifin ya tsufa, bai ƙara ba, kuma daga bakinsa aka ji. Mutumin ya ce wanda suke tsoro shi ne mai abin ɓoyewa, don duk wanda ya san sirrinsa ya riƙe masa wuya, sai ya juya shi yadda ya so. Shi kuwa wa zai tsorata shi da tonon asirin da ake kiransa da shi a tasha? Sai dai maganar kunyar abokai da ya yi, ita ma sun ji ta. Saboda haka ba za su ajiye shi a bakin iyaka ba. Gagarawa za shi, rumbun iri, kuma shekarar farko ido na kansa.

Ya nuna min katin aikin. A ƙarƙashin hotonsa, wanda ya fito kamar an tsorata shi, an rubuta Abdurra'uf Sha'aibu Bido. Na ce a rubuce dai yanzu gwamnati ta amince da aikina, saura a fara biyana.

Gwaggo ta yi murna rabi. Ita ta so ya riƙa dawowa cin tuwon rana, ga shi yanzu sai ƙarshen mako yake zuwa a motar haya, a matse tsakanin buhunan albasa, Muhsina da Tayyiba suna nan wurinta. Har yau in abin ya motsa mata takan ce da ya ce Fulatanci ne da yanzu yana nan kusa. Amma ta koma kiransa Bido, da ƙarfi ma, tunda an buga a kati. Baba Cindo kuwa yana gaya wa majalisa cewa shi ya tsara komai, wai mu a gwamnati mun san gaskiya ita ke ci, gwajin da aka yi ta yi a zaure don a cire wa yaro tsoro ne.

Kwanan baya na je Gagarawa duba waɗansu awaki, rana ta buɗe kamar za ta soya mutum, na ce bari in biya wurin bawana in sha inuwa. Na same shi tsaye a bakin ƙofa cikin kaki, wandon ya tsaya masa a ƙwauri don ba a ɗinka irin tsawonsa ba. A cikin harabar ga wata bishiya mai inuwa har da benci.

Na ce, "Buɗe min in huta."

Ya ce, "Ba a shiga."

"Ni ne fa. Ubangidanka. Wanda ya raɗa maka sunan da ke ƙirjinka."

"Na gane ka sarai. Shi ya sa."

Ya ce in tsaya nan. Ya shiga ɗan ɗakin masu gadi, ya fito da wani bido rawaya ya miƙo min ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ya ce ruwan randa ne mai sanyi. Na dube shi, fuskar nan ba alamar wasa, shaƙuwa kuma yanzu ba abin dogaro ba ce tunda ya san maganinta. Sai da na shinshina sannan na sha.